Daimon mai VVS2 da mai SI1: tazarar kuɗin ta cancanci a biya?

Maman Husna:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar duwatsu. Zoben daimon nake so in haɗa cikin kayan 'yata, sai wani shago a kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai ya turo min duwatsu uku in zaɓa. Dukansu masu da'ira ne, launin G, nauyi karat ɗaya da ɗan ɗori.

Na farko VVS2 ne da takardar GIA. Na biyu SI1, shi ma GIA, a ƙasan takardar an rubuta "Crystal, Feather", kuma kuɗinsa ya gaza na farkon da kusan kashi ɗaya bisa uku. Na uku an ce SI3 ne, takardarsa ta wani ɗakin gwaji ce daban, kuma ya fi su araha nesa ba kusa ba. A bidiyon da aka turo duk ɗaya nake ganinsu. Ta yaya ake ba dutse waɗannan haruffa? Bambancin ana ganinsa da ido? Wanne ya dace in ɗauka?

Mai Awon Dutse:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin.

Haruffan nan ma'aunin tsabtar dutse ne, kuma wanda kasuwar duniya ta fi bi shi ne na GIA, cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka da aka kafa a 1931, wadda ta fito da tsarin a 1953. Daimon yana ginuwa ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa, cikin zafi da matsi mai tsanani, shi ya sa da wuya ya fito ba tare da wani abu ya maƙale masa ba: ƙwayar wani ma'adini, ko tsaga, ko layin da ke nuna inda ginuwarsa ta karkace. Masu gwaji sun kasa aibin gida biyu, wanda ke ciki da wanda ke kan fata, irin su ƙarzuwa da sawun gogewa. Na ciki shi ne ya fi nauyi a hukunci.

Matakan 11 ne. FL shi ne wanda babu komai ciki da waje. IF cikinsa tas yake, sai dai ɗan tabo a fata. VVS1 da VVS2 suna da aibi ƙanƙani wanda ƙwararre ma sai ya wahala kafin ya gano shi. Galibi na VVS1 sai an juyo dutsen ta ƙasa ake hango shi, na VVS2 kuwa ana iya kamo shi ta sama da ƙyar. VS1 da VS2 ƙaramin aibi ne da ake samu in an nema. SI1 da SI2 da an ɗora gilashi za a gani. I1, I2 da I3 aibin a fili yake, ido ma yana gani, kuma yana iya rage ƙyalli ko ya raunana dutsen. In kika ci karo da takardar Antwab ta ƙasar Beljiyam, kamar ta HRD, za ki ga LC a saman ma'auni, da P1, P2, P3 a ƙasa maimakon I.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, duk wannan hukunci a gilashi mai ninka girma sau 10 ake yanke shi. Mai gwaji yana iya ƙara girman a maikiroskop fiye da haka don ya nemo inda aibin yake, amma in ya dawo sau 10 bai gan shi ba, ba ya shiga lissafi. Dutsen kuma a sake ake duba shi, ba a kan zobe ba. A goge shi da ƙyalle marar zare, a riƙe shi da matsefata, a haska shi ta gefe a kan baƙin bango don aibin ya fito fari, a duba ta sama, ta ƙasa, a zagaye ƙugunsa, wato bakin da ya raba samansa da ƙasansa. Kuma ba mutum ɗaya ke yanke mataki ba, sai wani ya sake dubawa.

Abubuwa biyar suke aunawa: girman aibin, yawansa, inda yake, irinsa, da yadda ya bambanta da jikin dutsen. Uku na ƙarshen nan su ne mai saye ke mantawa. Baƙar ƙwaya a ƙarƙashin faffaɗar fuskar sama, wadda ake kira tebur, ta fi farar ƙwaya mai girmanta da ke can gefe muni ƙwarai. Wadda ke kusa da tsinin ƙasa kuma fuskokin dutsen kan maimaita hotonta, ƙwaya ɗaya ta zama biyar ko shida a ido. Wannan ne ya sa za a ajiye miki SI1 biyu, ɗaya garau, ɗaya da ɗigo baƙi a tsakiya, alhali takarda ta ba su mataki ɗaya.

Amsar tambayarki ta biyu: daga FL har VS2, a dutse mai da'ira na karat ɗaya, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6.5 ba, kusan babu idon da zai raba su. Yankan da'ira yana da fuskoki 57 ko 58, walƙiyarsu tana rufe ƙananan aibi. A SI1 ne ake fara buƙatar dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da a ce yankan emaral ne, mai dogayen fuskoki shimfiɗaɗɗu da ake leƙa cikinsa sarai, ko dutsen ya kai karat 2 zuwa sama, da sai in ce kada ki sauka ƙasa da VS2.

Inna Mai Gwal:

Malam ya yi bayani, Allah Ya saka. Bari in tsaya kan na biyun nan, don shi ne mai buƙatar aiki.

'Yar'uwa, kalmomi biyun da kika gani ba a jera su kara zube ba. Wanda aka fara rubutawa shi ne ya fi tasiri wajen ba da matakin. To a naki ƙwayar ma'adini, wato Crystal, ce kan gaba, tsaga, wato Feather, na biye. Sai ki nemi cikakkiyar takardar, ki duba zanen dutsen da ke ciki, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Jan alama aibin ciki ne, kore na fata ne, in kuma ja da kore suka haɗu to abin ya taso daga ciki ya ɓullo waje, kamar rami ko ƙulli, wato ƙwayar daimon da ta iso fata. Zanen yana nuna wuri da iri, amma ba ya gaya miki ko ƙwayar baƙa ce ko fara. Wannan sai da ido. Akwai kuma ƙaramar takardar GIA da ake ba duwatsun da ba su kai karat 2 ba, ita babu zane a cikinta; in ita aka turo miki, dole a nuna miki wurin aibin a gilashi.

Ƙwayar ma'adini in fara ce kuma tana gefe, ba ta da wata illa. Tsaga ce ake yi wa tambayoyi. Mutane na jin cewa daimon ya fi kowane dutse tauri, yana mataki na 10 a ma'aunin Mohs, sai su ɗauka ba ya fashewa. Taurin nan na ƙin karcewa ne. Amma yana da jijiya ta fuska huɗu, kuma in bugu ya zo daidai kanta yana darewa kamar itacen da aka faskara bin tsawonsa. Saboda haka ki tambaya: tsagar tana can ciki, ko ta iso fata? In ta iso, a ina? Ƙaramar tsaga da ke ƙarƙashin dutsen ta riga ta jure yanka da gogewa, ba abin tsoro ba ce. Wadda ake gudu ita ce doguwa da ta ratsa ƙugu, musamman in ƙugun siriri ne sosai, don nan ne zobe ke bugun ƙofa da tukunya. Haka rami da ɓantare da ƙulli da ya fito fili: ni ba na ba da shawarar a saya don sawa kullum, ko da matakin ya yi kyau. Rami yana tara datti ya koma baƙi.

Sai abin da ya fi yi wa mutane illa a SI, wato gajimare: tarin ɗigogi ƙanana da ba sa ƙirguwa. Ki karanta sashen sharhi na takardar da kyau. In kika ga an ce matakin an gina shi ne kan gajimaren da ba a zana ba, "based on clouds that are not shown", kuma dutsen SI1 ne ko SI2, to ki yi hattara. Zanen zai fito fes kamar na VVS, mai saye ya yi murna, alhali dutsen dishi-dishi yake, hasken ba ya fita da kaifi. A VS wannan sharhi bai cika zama matsala ba. 'Yan kasuwa ma kan tambayi juna ko dutse yana da BGM, wato ɗan duhun ƙasa-ƙasa, ko kore-kore, ko hazo mai kama da madara. Ki yi wa mai shagon wannan tambaya kai tsaye, ya amsa a rubuce.

Bidiyon shago ba hujja ba ne, fitilun da ke saman kanta an zaɓe su ne don kowane dutse ya yi walƙiya. In za ki je da kanki, ko kina da wanda zai tsaya miki, ga yadda za a yi. A goge dutsen. A ɗora shi kan farar takarda da aka naɗe, a matsa daga ƙarƙashin fitilun zuwa bakin ƙofa ko taga, inda hasken rana yake amma ba rana kai tsaye ba. A fara duba shi da ido kafin gilashi, daga tazarar santimita 20 zuwa 30, ta sama, sannan a ɗan karkata shi hagu da dama. Dalilin farawa da ido shi ne, da zarar gilashi ya nuna miki inda ɗigon yake, idonki ba zai daina komawa wurin ba. Bayan nan a ɗauki gilashin, a manna shi kusa da ido, a matso da dutsen har ya kai kamar santimita biyu da rabi, a haɗa hannu biyu don kada su yi rawa. A ajiye VVS2 ɗin kusa da SI1 ɗin a gwada haskensu. In ba ki ga ɗigo ba, ba ki ga hazo ba, tsagar kuma ba ta ci ƙugu ba, SI1 ɗin ya wadatar.

Maman Husna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na duba zanen, ƙwayar tana gefe wajen tebur, tsagar kuma ɗan gajeren layi ce kusa da baki a zanen ƙasa. Babu maganar gajimare. To na ukun fa, mai SI3? Sannan in wata rana yarinya ta buƙaci sayarwa, ba VVS2 ɗin ne zai fi riƙe daraja ba?

Dillalin Duwatsu:

Hajiya, na ukun ki ajiye shi. A ma'aunin GIA babu SI3, daga SI2 sai I1. Ɗakin gwaji na EGL ne ya shigo da shi kasuwa, kuma yawancin duwatsun da ke ɗauke da shi in aka kai su GIA I1 suke fitowa. Ba tsabta kaɗai ba, launin ma ɗakin gwaji mai sassauci yana iya ɗaga shi mataki ɗaya ko biyu, sai ki biya kuɗin launin G ki tafi da launin I da ke ƙasa da shi. Rikicin ya yi ƙamari har a 2014 RapNet, babbar kasuwar dillalan daimon ta intanet, ta daina karɓar takardun EGL. Araha ba ta ado. Haruffa ba su da ma'ana sai an san wanda ya rubuta su, kuma takardar da shago ya buga da kansa bayanin mai kaya ne kawai.

Akwai wata tambaya da ake yi wa duk dutsen da arahar sa ta yi yawa: an yi masa gyara? Gyaran tsabta iri biyu ne. Na farko a huda siririn rami da leza har zuwa baƙar ƙwaya, a sa asid ya wanke ta ta koma fara. Wannan ba ya komawa, GIA tana ba shi mataki amma tana rubuta cewa an huda, kuma farashinsa yana faɗuwa. Na biyu a cusa gilashi mai dalma cikin tsaga don ta ɓace wa ido, dabarar da ta fito daga Isra'ila a shekarun 1980. Wannan ba ya ɗorewa, wuta da asid suna fitar da shi, shi ya sa GIA ba ta ba irinsa mataki sam. Alamarsa a gilashi: in ana juya dutsen sai ki ga wani haske shuɗi ko shunayya ko ruwan hoda ya gifta a shimfiɗe daidai wurin tsagar, wani lokaci da ƙananan kumfa a ciki.

Batun farashi. Dillalai suna lissafi da jadawalin Rapaport, wanda aka fara a 1978, yana fitowa mako-mako. Kowane rukunin nauyi da akwatinsa, launi a tsaye, tsabta a kwance, lambar da ke ciki kuma ɗaruruwan dala ce a kan karat ɗaya. Misali kawai, ba farashin yau ba: in akwatin ya nuna 60, dala 6,000 ke nan kowane karat. Dutse mai karat 1.02 ya zama 6,120. In dillali ya ce ya sauke kashi 30, ya koma 4,284. Yawan abin da ake saukewa shi ne ainihin ciniki, kuma nan ne irin aibin ke aiki: SI1 mai baƙin ɗigo a tebur ko mai hazo ana sauke masa fiye da SI1 mai tsabta a ido, duk da suna akwati ɗaya. Saboda haka in aka ba ki SI1 biyu ɗaya ya fi araha sosai, akwai dalili, ki nemo shi.

Tazarar da ke tsakanin matakai ba daidai take ba. Ta fi faɗi a launuka na sama, D, E, F, da manyan duwatsu, don ƙarancinsu ake biya. A launin J ko K bambancin VVS da VS ba ya da yawa. Sai kuma faɗuwa babba daga SI2 zuwa I1, inda ido ya fara gani. Nauyi ma yana da gaɓa: rukunin 0.90 zuwa 0.99 daban, na 1.00 zuwa 1.49 daban, kuma tsallaken kuɗin yana da girma alhali faɗin dutsen kusan ɗaya ne. Mai son ragi ya fi samunsa a nan.

Kan riƙe daraja, a nan nake so ki natsu, don mu mun saba da gwal. Gwal ana ɗora shi a sikeli a biya ki farashin giram na ranar, a cire ɗan abu. Daimon ba shi da irin wannan. Mai saye daga hannunki zai ba ki ƙasa da farashin sari, ke kuwa a farashin shago kika saya, don haka asara tana nan a kowane mataki, kuma wanda ya zuba kuɗi da yawa shi ya fi jin ta. Abin da ke sauƙaƙa sayarwa shi ne takardar GIA, yanka mai kyau, da dutse mai tsabta a ido. Ga kuma daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta, wanda ya cika kasuwa da VVS da VS a farashi mai rahusa ƙwarai, ya kuma taɓa farashin wanda ake haƙowa daga ƙasa. In ajiya kike so wa yarinya, ki ɗauki SI1 ɗin, ragowar kuɗin ki saya mata gwal.

Kafin ki biya, abu biyu. Ki shigar da lambar takardar a shafin GIA, ki tabbata nauyi da awon milimita sun yi daidai da abin da ke hannunki. Sannan a nuna miki lambar da aka zana da leza a ƙugun dutsen, in takardar ta ce akwai. An sha kama duwatsun masana'anta da aka yanka su yi daidai da wata takarda ta gaskiya har aka zana musu lambarta. A nan aibin yake miki amfani: ƙwaya da tsagar da ke zanen dole su kasance a dutsen, a daidai wurarensu. SI1 ya fi VVS sauƙin ganewa ta wannan fuska. Kuma ki duba matakin yanka, ya zama na sama a ma'aunin GIA, don shi ke ba da walƙiyar da mutane ke gani daga nesa, ba tsabta ba.

Maƙerin Fari:

Ranki ya daɗe, saura ɗaurin dutsen, don wurin aibin ne ke nuna yadda za a ɗaura.

Ki ba mai ɗaurin kwafin zanen. Ƙwayar da ke gefe ana iya juya dutsen ta faɗa ƙarƙashin haƙorin zobe, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe dutsen, ta ɓace. Tsaga kuwa ba a danna mata haƙori kai tsaye, don matsin lanƙwasa ƙarfen yana iya ƙara ta. Ana sa ta kusa da haƙori yadda zai kare ta daga bugu. Haƙora shida sun fi huɗu ga dutse irin wannan, ko a kewaye ƙugun gaba ɗaya da ƙarfe in mai zoben ma'aikaciya ce da hannu. Kuma kada ki dage sai gwal mai karat 21 ko 22 kamar na sarƙa da awarwaro. Yana da laushi, haƙoran suna buɗewa dutse ya faɗi. Mazaunin dutsen ya zama karat 18 ko filatinam.

A ɗaura bayan an gama duba dutsen a sake, ba kafin ba. In ya hau zobe ba a iya tabbatar da matakinsa, ƙarfe yana ɓoye gefuna. Ƙananan duwatsun da ake jerawa a kafaɗar zobe ba su da takarda ɗaya-ɗaya, abin da aka rubuta musu na tarin ne, ki dai duba kada a samu mai duhu a cikinsu.

In an kai zoben gyara nan gida, a ƙara ko a rage, a gaya wa maƙeri akwai tsaga. Daimon yana ƙonewa a iska in zafi ya haura digiri 800, fatarsa ta yi fari, sai an sake gogewa. Ko a cire dutsen, ko a shafe shi da sinadarin borik kafin wuta, kuma kada a tsoma shi cikin ruwa da zafinsa, a bar shi ya huce da kansa. Injin wanki mai girgiza ruwa ma a guje shi in tsagar ta iso fata.

Daimon yana jan maiƙo. Man shafawa da sabulu da ƙullu suna taruwa a ƙarƙashinsa, cikin 'yan makonni VVS ya dushe fiye da SI1 mai tsabta. Yarinyar ta riƙa jiƙa shi minti 15 zuwa 20 cikin ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ta goge ƙasan da buroshin haƙori mai laushi, ta ɗauraye a cikin kwano ba a bakin famfo ba. Ta ajiye shi shi kaɗai, don yana karce gwal da sauran duwatsu, wani daimon ɗin kuma yana karce shi. Sau ɗaya a shekara a kai a duba haƙoran, in an taɓa dutsen da farce ya motsa to a cire zoben har sai an matse.